Buhu Cikin Buhu

Ammi Yahya Sini, wato Baffa Yahya mutumin Sin, shi ne ya hana ƙasar Sin mutuwa da yunwa a lokacin yaƙinsu da Japan. Duk layinmu na unguwar Hindawiyya an san haka, tun daga mai gasa burodi har liman, kuma shekara goma sha takwas ba wanda ya nemi hujja, sai ranar da na shigo da littafin.

Wani ma'aikacin jirgin ruwa ne ya manta shi a ofishin da nake tafinta. Da Turanci aka rubuta shi, tarihin wani kamfanin jiragen sama na Sin da ya yi jigila ta kan duwatsu tsakanin Indiya da Sin a shekarun yaƙi. A wannan kamfani Ammi Yahya ya yi aiki kafin ya zo hajji ya zauna, ya auri Khala Bashira, wato Inna Bashira, 'yar mutanenmu, ya zama mai ɗinke buhunan da suka fashe a tashar jiragen ruwa. Ni kuwa na yi jami'a a Khartum, kuma layinmu bai taɓa ganin amfanin hakan ba. Na ga rana ta zo.

Na same shi kwance, ƙafafu sun kumbura. Usuman, shugaban 'yan dako a tasha, ya zo dubiya.

"Karanta, ya Ustaz," in ji Ammi Yahya. "Wurin shinkafa."

Na karanta ina fassarawa. Jirage kan jefa wa sojojin da aka datse wa hanya shinkafa daga sama, buhuna na fashewa, abinci na bin ƙasa. Sai wani matuƙi Ba'amurke ya ƙirƙiro dabara: kada a cika buhu, kuma a sa shi cikin wani da ya fi shi girma. Na ciki ya fashe, na waje ya riƙe.

"Sake faɗin sunan."

Na sake.

"Wannan? Ko zare bai iya sa wa allura ba. Tuƙi kam, wallahi ya iya. Amma buhu nawa ne."

"Ya Shaikh, littafi ne fa," Usuman ya ce yana dariya. "Har da hotuna. Kai ko a gefe ba ka fito ba?"

Na duba har bango. Matuƙa duk an jera sunayensu. Irin su Ammi Yahya an haɗa su a kalma biyu: sauran ma'aikata.

"Bashira, kawo basilla da igiya," in ji Ammi Yahya.

"Abu Zakiya," ta ce wa mijinta, "likita ya ce ko zama kada ka yi."

"Bai ce kada in yi ɗinki ba. Yalla, maza. Da shinkafar."

Buhun shinkafa ɗaya ne a gidan. Ta dube shi, ta dubi mijinta, ta jawo. Aka raba biyu. Rabi ya sa aka ɗaure a buhu guda tam, yadda kowa ke yi. Ɗaya rabin shi ya ɗinka da kansa, buhu cikin buhu, ya fi awa guda, yana tsayawa neman numfashi. Usuman ya miƙa hannu zai taya shi, ya buge.

Bayan la'asar muka fito da shi kan kujera zuwa bakin ƙofa. Ni da Usuman muka hau rufin bene mai hawa uku. Kafin mu kai sama layi ya cika.

Muka saki na farko. Ya tarwatse, shinkafa har ƙofar masallaci.

"Na biyun kada ku jefa!" Ammi Yahya ya ɗaga murya. "Da ƙafa ake turawa!"

Usuman ya tura da ƙafa. Buhu ya faɗi tim, ya kwanta. Muka sauko a guje. Usuman ya lalube shi ta ko'ina: na ciki ya yage, ko ƙwaya ɗaya ba ta fita ba. Layi ya ɗauki kabbara. Usuman ya durƙusa ya sumbaci kan tsohon.

"Halas, shi ke nan, ya Ammi. Mai littafi bai san komai ba."

A matsayina na ɗan jami'a, na san bene ba jirgi ba ne, kuma iya ɗinki bai nuna wanda ya fara ba. An gaya mini daga baya muryata ce ta fi ta kowa tashi.

"Ustaz, kawo shafin." Ya karɓi alƙalamina, ya zana sunansa a gefe da rubutun ƙasarsu, alamu uku. Ba wanda ya iya karantawa a cikinmu, amma kowa sai da ya leƙa.

Ranar Alhamis da hantsi Ammi Yahya ya cika. Kwana uku muna zaman ta'aziyya a kujerun da aka jera a layi, kowa na ba da labarin buhu. Zuwa rana ta uku benen ya kai hawa shida.

Da azahar ɗin ranar na shiga in ba Khala Bashira littafin. Na same ta a tsakar gida da faifai a cinya, gefenta rabin shinkafar da ta share daga titi. Baƙi za su ci abinci da yamma.

"Ajiye can, ya Ustaz," ta ce. "Hannuna duk ƙasa ne."

Ta sunkuya ta ci gaba da tsince tsakuwa.