Agwagin Magnhild

Ni Torleif, ni na riga kowa ganin agwagin tsibirinmu za su ƙare, tun masu takardu ba su san hanyar arewacin Norwe ba. Ban taɓa zama a aji ba, amma sau uku teku tana kifar da ni ina fitowa.

Shekara arba'in ni da matata Magnhild muna yi wa agwagin teku ɗakunan katako, mu shimfiɗa musu busasshiyar ciyawar ruwa. In sun ƙyanƙyashe, su bar mana gashin ƙirjinsu mu cusa a bargo. Muddin muna kusa, hankaka ba ya sauka ya fasa ƙwai. Da Magnhild za ta rasu ta ce, "Kada su zo su tarar ba shimfiɗa."

A shekarar aka mai da tsibirin gandun tsuntsaye, aka hana taka shi lokacin ƙwai. Na sami Sindre mai gadin gandun.

"Baba Torleif, tsuntsu ya fi son a ƙyale shi."

"Agwagwar ce ta rubuto maka? Kwana ɗaya nake roƙo, ɗan nan."

"Doka ce, Baba. Sai Agusta."

Da Agusta na je. Cikin ɗakuna sittin, bakwai kaɗai aka shiga, su ma fasassun ƙwai na tarar. Yanzu sun ba ni izini. Bazara biyar ina shimfiɗa, ko ɗaya ba ta dawo ba.

Wanda ya ce ƙarya nake, kwalekwalena yana bakin gaɓa. Ya zo mu je, ya leƙa ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, in zuciyarsa za ta ɗauka.