Ƙugiyar Bindigar Babayo

Mu 'yan Kano masu zuwa Guangzhou muna da wata cuta, Ilu kuwa ya fi kowa kamuwa da ita. Duk abin da ya lalace a gida sai mu ce ai China za su yi irinsa. Murfin tukunya ne, maɓallin riga ne, a jefa a aljihu a kawo samfur. Shi Ilu riguna da wanduna yake saye a kasuwar Canaan, amma bai taɓa sauka ba tare da saƙon wani ba, saboda yana son a ce shi ne mai iya komai.

Saƙon wannan zuwan na Babayo ne, amininsa tun ƙuruciya, manomi a wajen Falgore. Babayo yana da tsohuwar bindiga irin wadda ake ja wa sakata da hannu, da takardarta, gadu da birai yake kora da ita. A jikin sakatar akwai wata 'yar ƙugiya, ba ta kai tsawon yatsa ba, ita ke fizgo kwanson harsashi bayan an harba. Ta Babayo ta cinye. In ya harba ya ja sakata, sai kwanso ya yi zamansa a ciki, shi yana zungura da tsinke, gadu yana gamawa da gyaɗa. Maƙerin garinsu ya goga ya goga har ya ce ba ruwansa. Babayo ya roƙi a yi masa sabuwa, mai bakin da ya fi wannan faɗi, da ƙarfe mai kyau. Ilu ya ce wannan ai ba aiki ba ne. Ya saƙala ta cikin makullansa, ya wuce filayen jirgi ba wanda ya kalle shi.

Kada wani ya ce bai san dokar ƙasar ba. Ya sani sarai, a nan maganar bindiga ba a wasa da ita. Shi ya sa bai nuna wa dillalan Canaan ba, don bakinsu ba ya rufuwa. Sai ya kai wa Maijidda.

Maijidda 'yar yayarsa Ladidi ce, tana shekarar ƙarshe ta karatun harhaɗa magunguna a wata jami'a a unguwar Tianhe. Ita ke yi masa tafinta duk zuwa, ba ta taɓa cewa tana da aiki ba. Ya ce mata ƙarfen keken ɗinkin takalma ne, na wani bawan Allah. Ta shimfiɗa ƙugiyar a kan farar takarda, ta ɗauki hoto, ta rubuta da Sinanci yadda ake so a faɗaɗa bakin, ta tura wa masu ƙananan maƙeru ta wayarta. Wayar nan kuwa da fasfonta aka yi mata rajista. Ilu yana zaune yana shan shayi yana kallo, har yana yaba mata saurin hannu.

Yawancinsu suka ce meyo, wato babu. Ɗaya ya ce su zo.

Lawban ɗin, wato maigidan wurin, dattijo ne, mai shago cike da ƙarar inji da warin mai. Ya zuba musu shayi, ya karɓi ƙugiyar, ya juya ta sau ɗaya, ya ajiye. Sannan ya tura ta gaban Maijidda da bakin biro, kamar mai ture mataccen kyankyaso. Ya yi magana mai tsawo a hankali. Ilu ba ya jin Sinanci bayan gaisuwa da ciniki, amma ya ga fuskar yarinyar tana sauyawa.

Sai a waje ta fassara masa. Mutumin ya yi soja da ƙuruciya, tun a hoto ya gane ko mece ce. Ya kira su ne don ya ga ko su waye. Ɗansa mai kula da oda kuma ya riga ya sanar da hukuma, don tsoron kada a rufe musu shago.

"Kawu, ka san ko mece ce?"

Ya fara kame-kame. Ya ce Babayo mutumin kirki ne, ya ce gonar gyaɗa ce, ya ce abu ne ɗan mitsitsi. Ba ta sake tambaya ba. Ta sa ƙugiyar a jakarta, suka shiga jirgin ƙasa, har suka rabu ba ta ɗaga kai ba.

Washegari ofishin ɗalibai baƙi ya kira ta, aka ce 'yan sanda za su zo, ta kawo fasfo. Ta roƙi Ilu ya same ta a ƙofar jami'a. Ya zo, wannan kam ba za a hana shi ba. Ya tarar da ita a tsaye da farar rigar aji a hannu. Ta ce malamarta ta ba ta shawara: in mai kayan ya shiga ya ce nasa ne, ya ce ita tafinta kawai ta yi bisa abin da aka gaya mata, akwai alamar za a bar ta ta ƙarasa. Wata uku suka rage mata.

Ilu ya buɗe baki da niyyar cewa mu je. Har yau yana rantsuwa abin da ya yi niyya ke nan.

"To in na ce tawa ce, kwantenata fa? Jibi za a yi lodi."

Ta dube shi, kallon da bai wuce ƙiftawar ido ba. Da ta yi kuka ko ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Sai ta ɗan rusuna kamar yadda take gaishe shi tun tana yarinya.

"Ba komai, Kawu. Allah ya sa a yi lodi lafiya."

Ta ɗora katinta na ɗaliba, ƙofa ta buɗe, ta shige. Shi ba shi da kati, kuma ya riƙe wannan a matsayin hujja. Lambarta tana wayarsa, mai gadi yana tsaye a gabansa, amma ya juya ya nufi tasha yana gaya wa kansa zai kira in ya isa masauki. Da ya isa ya ce bari ya yi azahar tukuna.

Abin da ta gaya musu a ciki shi ne ita ta taho da ƙarfen daga gida lokacin hutu, kawunta rakiya kawai ya yi mata. Ba su tsare ta ba, tunda ba a ƙera komai ba. Suka karɓe ƙugiyar, suka soke bizarta, jami'a ta sallame ta.

Ranar lodi Ilu yana wajen sito a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, ana cusa dilolinsa, wayarsa ta yi ƙara. Yaya Ladidi ce. Ya kalli sunan har kiran ya kusa katsewa, sannan ya ɗauka. Ya riga ya shirya jin abin da ya cancanta.

Muryarta ta dushe da kuka. Ta ce Maijidda ta kira ta, wai ta faɗi jarrabawa an kore ta, tana tafe mako mai zuwa. Shekara da shekaru ana fama, ta sayar da filin gadonta, ashe yarinya wasa take yi a ƙasar mutane. Ta ce ita ta rasa bakin magana, uban kuma ya ce kada a ambaci sunanta a gabansa.

"Ilu, kai kana can, kuma tana jin nauyinka fiye da kowa. Don Allah ka je ka same ta kafin ta taso, ka yi mata faɗa sosai. Ka tambaye ta me muka yi mata."

Masu lodi suna ta kiransa ya zo ya duba kafin a rufe. Yana riƙe da waya a kunne, gumi na bin wuyansa.

"Ilu? Kana jina?"

"Ina ji, Yaya."

"Za ka je?"

"Zan je," in ji shi.