Wayar da ta Faɗo a Burtali

Wata huɗu cur unguwar su Malam Shitu, a gefen Rurum Sabon Gari, ba ta ga wutar lantarki ba. Shi ya fi kowa ji a jikinsa, domin injin niƙansa da wuta yake aiki, kuma tun da taransifoma ta ƙone injin yake lulluɓe da buhu. Saboda haka shi ya ɗauki zirga-zirgar a kansa. Duk Litinin sai ya hau babur ya tafi ofishin masu wuta, ya zauna a benci har a gaji da ganinsa.

Matarsa Tani, wadda suka shekara talatin da ɗaya tare, takan tsokane shi in ya dawo. "Malam, ko dai aiki suka ɗauke ka ba ka faɗa mana ba?"

A zuwansa na ƙarshe jami'in ya ce masa an samo taransifoma, ranar Alhamis za a ɗora. Sannan ya tambaye shi, yana rubutu bai ko ɗago kai ba, "Layin naku dai lafiya lau ko? Babu falwayar da ta lalace?"

Malam Shitu ya san da guda ɗaya. Falwayar katako ce a bakin burtalin da shanu ke bi zuwa rafi, gara ta ci kanta, itacen da ke riƙe da wayoyin ya karkace. Amma ya san idan ya faɗa za a ce sai an kawo sabuwa, wata huɗun ya koma takwas.

"Lafiya lau," ya ce.

Ranar Alhamis aka tashi da ruwan sama, bai ɗauke ba sai hantsi. Ma'aikata suka zo, suka ɗora taransifoma, suka tafi. Ana idar da sallar azahar ƙwan masallaci ya kama. Unguwa ta ɗauki ihu. Malam Shitu ya yaye buhun, ya kunna injinsa, ya tsaya yana sauraron ƙugin yana dariya shi kaɗai. Tani ba ta gida. Ta tafi bayan gari yanko rama, domin 'yarsu Rukayya, wadda ta zo goyon ciki daga Kibiya, ta ce ita kwaɗon rama take sha'awa.

Ko rabin sa'a ba a yi ba injin ya tsaya. Mata uku da suka riga suka jera kwanukansu suka yi tsaki. "Har sun ɗauke."

Ba ɗaukewa aka yi ba. Can bakin burtali jiƙaƙƙen katakon ne ya fara hayaƙi, ya kama da wuta daga sama, waya ɗaya ta tsinke ta faɗo cikin ciyawa da taɓo. Unguwa ta rasa wuta, amma ɓangaren da ya faɗo yana nan da wutarsa.

Wani ɗan acaba ne ya zo a guje ya tsaya ƙofar injin. "Malam Shitu, hau! Falwayar burtali ce, kuma akwai mutane."

Da suka isa, kan falwayar na ci bal-bal, gawayi na zubowa. A ƙasa mata biyu ne kwance. Ta farko A'isha ce, matar Bappa na rugar bayan gari, ƙwaryar nononta ta kife, nonon ya malale cikin taɓo. Ta biyun tana kwance a gicciye, hannunta riƙe da zanen A'isha. Malam Shitu ya gane ɗankwalin kafin ya gane fuskar. Masu noma a gonar da ke kusa suka ce A'isha ce ta fara takawa ta faɗi, Tani ta yar da ramarta ta ruga ta jawo ta.

Ƙafafunsa suka tafi da kansu, taku biyu, uku. Sai ya ji ƙasa na cizon tafin ƙafarsa ta cikin silifa, ya ji wayar na wani zuzu a cikin ciyawa. Ya ja da baya.

"Kada kowa ya matsa!" ya daka tsawa. "Ƙasar ma akwai wuta!"

Wani ya kawo gora ya ce a ture wayar. Malam Shitu ya fizge ta ya jefar. Komai a jiƙe yake, kuma wannan babbar waya ce, ba irin ta cikin gida ba. Ya ciro wayarsa ta hannu ya kira jami'in. Tana shiga ba a ɗauka. Ya sake, ya sake. Ya ce wa ɗan acaban ya tafi ofis ya ce su kashe layin, kada ya tsaya ko'ina.

A lokacin Rukayya ta iso, ba mayafi, tana riƙe da ƙasan cikinta. Ta ga uwarta, ta yi kanta. Malam Shitu ya tare ta ya riƙe hannunta da hannayensa biyu.

"Baba, sake ni! Inna ce!"

"Na gani."

"Tana motsi, Baba! Wallahi ƙafarta ta motsa! Ka sake ni ko kai ka je!"

Shi ma ya ga kamar ta motsa. Har yau bai sani ba ko rai ne ko wutar ce. Rukayya ta dake shi a ƙirji, ta ciji hannunsa, ta durƙusa tana ja, bai sake ta ba. Mutane sun kai hamsin a tsaye a da'ira, wasu na salati, babu mai iya ƙara taku ɗaya. Tsakaninsu da Tani bai fi tsawon igiyar guga ba. Haka suka tsaya kusan minti arba'in, har zuzun ya yi shiru, wayar Malam Shitu ta yi ƙara aka ce an kashe.

Da ya ɗago Tani jikinta da sauran ɗumi. Aka kai su asibiti a Rano duk da kowa ya sani. Kafin magariba an rufe su biyun.

Rukayya ba ta yi masa magana ba a kwanakin zaman makoki. Mata suka yi ta gaya mata cewa ubanta ya ceci ranta da na abin da ke cikinta, takan ce ta sani. Ranar bakwai mijinta ya zo ya ɗauke ta, ta ce a wajen uwar mijinta za ta haihu. Ta durƙusa a zaure ta ce, "Baba, na tafi," idonta a kan tabarma.

Bayan kwana biyu Bappa ya zo da sandarsa, ya zauna nesa kaɗan. Dattijo ne marar yawan magana.

"Malam Shitu, na zo ne in yi maka godiya. Iyalinka saboda tawa ta rasu. Da ta tsaya kallo da tana nan. Ban da abin da zan ce sai Allah Ya saka mata."

Sai Malam Shitu ya gaya masa abin da bai gaya wa kowa ba: tambayar da aka yi masa a ofis, da amsar da ya bayar.

"Na san falwayar, Bappa. Kullum ina wucewa ta gindinta."

Bappa ya dube shi, ya dubi sandarsa. "Kwanansu ne ya ƙare," ya ce a hankali. Ya miƙe, ya saka takalmansa, ya fita ba tare da ya miƙa masa hannu ba. Bai faɗa wa kowa ba, amma bai sake bi ta ƙofar gidan ba, kuma da kaka ta yi ya kwashe shanunsa da 'ya'yansa ya koma wajen danginsa a Fassi.

Rukayya ta haifi namiji. A bakin wani maƙwabci Malam Shitu ya ji.

Yanzu kullum bayan ya karya sai ya ɗauki wata guntuwar taɓarya ya bi layin wuta da ƙafa, daga unguwa har bakin titi. Yakan tsaya gindin kowace falwaya ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya je ya faɗa wa mai unguwa waɗanda ya ji sun ruɓe. Da farko mai unguwa yana tashi ya bi shi su duba. Daga baya sai ya riƙa cewa, "To Malam, an ji," ya ci gaba da hirarsa.