Lambar da ke Bayan Firji

Wata huɗu ke nan Mai Firji yana jiran kira ɗaya tak. Ranar da ya kai 'yarsa Auta asibitin ido, likita ya haska idonta na hagu ya ce yanar ido ce ta rufe shi, sai an yi aiki. Ya ƙara da cewa idon yaro ba ya son jinkiri, in aka daɗe, ko an cire yanar ba lallai ganin ya dawo ba. Masu jiran aikin suna da yawa, don haka aka ba shi takarda ya cike, aka ce ya koma gida, za a kira shi.

Tun daga ranar bai ƙara bari cajin wayarsa ya sauka ƙasa da rabi ba. A shago yakan ɗora ta a kan murfin wata matacciyar firiza, inda zai riƙa hango ta ko yana tsugune a bayan firji. Yana cikin liƙe bututu sai ya kashe wuta ya miƙe, wai ya ji kamar ta yi ƙara. A gida kuwa matarsa ta gaji da kallonsa.

"Maigida, wayar nan fa ba ƙwai ba ce," in ji ta. "Ko ka kwanta a kanta ba za ta ƙyanƙyashe ba."

Sai ya yi dariyar yaƙe, ya dubi Auta tana karkatar da kai gefe guda don ta karanta littafinta. Sau ɗaya ya koma asibitin, ma'aikaciyar taga ta ce layi bai zo kansu ba tukuna, ya ƙara haƙuri.

Ranar wata Alhamis da hantsi, yana kwance ƙofar wani firji, sai ga wata mata ta tsaya a bakin shagon tana haki. Igiyar awon tela na rataye a wuyanta, guntayen zare sun maƙale a hannun rigarta.

"Kai ne mai gyaran firji?"

"Ni ne, sannu da zuwa. Ba ya sanyi ne, ko ruwa yake zubarwa?"

"Firjina lafiyarsa ƙalau, Malam. Ni ce na rasa sakat, kuma kai ne sanadi."

Ta fara karanto wata lambar waya. Kafin ta kai ƙarshe leɓɓansa sun ƙarasa mata. Tsohuwar lambarsa ce, wadda ya riƙe shekara goma sha ɗaya. Shekara biyu da suka wuce wayar ta ɓace a motar haya, ya yi ta cewa gobe zai je a dawo masa da layin, har aka rufe shi, ya sayi sabo.

"To ni aka sayar wa," in ji Mai Ɗinki. "Wata bakwai ke nan ban huta ba. Ina tsakiyar yanka yadin mutane sai waya: 'Mai Firji, namana zai lalace!' 'Mai Firji, injin yana kuka kamar akuya!' Wallahi har na fara ba su shawara, in ce su cire wuta su jira minti goma. Wai a ina suke samun lambar nan ne?"

Ya sosa ƙeya. "Duk firjin da na gyara nakan rubuta ta a bayansa da jan fenti. Takarda tana ɓarewa, kin gane."

"Fenti! Shi ya sa." Ta ja numfashi, muryarta ta sauka. "Amma ba wannan ya kawo ni ba. Kana da 'ya mai shekara tara, mai ciwon ido?"

Sukundirebar da yake kwance ƙofar da ita ta faɗi ƙasa.

Ta ce shekaranjiya an kira ta daga asibitin ido, ta ce ba lambar ba ce, ta kashe. Jiya ma haka. Yau da safe matar asibitin ta roƙe ta kada ta kashe. Ta ce an sa wa yarinyar ranar Litinin, kuma in uban bai amsa ba kafin sha biyun ranar yau, za a ba wa na gaba wurin.

"Na ce mata ni 'ya'yana duk sun girma, amma na san wani mai firji da duniya ke nema a layina. Sai na bi lambobin masu damuna da kira ɗaya bayan ɗaya. Na huɗu, wani mai sayar da ruwan sanyi, shi ya kwatanta mini nan."

Nan take Mai Firji ya gane abin da ya faru. Ranar da yake cike takardar, Auta tana kuka saboda maganin da aka ɗiga mata a ido, hannunsa ɗaya na riƙe da ita. Ɗayan hannun ya rubuta lambar da ya saba rubutawa. Sabuwar kuwa bai taɓa haddace ta ba, tana nan a guntun takarda da ya manna a bayan wayarsa.

"Ni na yi wannan," ya ce. "Ni da hannuna na..."

"Ka yi wa kanka faɗa da yamma, Malam. Yanzu sha ɗaya da minti ashirin."

Ya ɗauki wayarsa yana laluben lambar asibitin. Mai Ɗinki ta dube shi, ta danna kira a tata. Aka ce layin yana aiki. Ta sake, haka. Ya fara neman makullin shago, yana lissafin ko mota za ta kai shi cikin rabin awa, ya san kuma ba za ta kai ba. A karo na biyar aka ɗauka.

"Ga uban nan, na samo shi," ta ce, ta manna masa wayar a kunne.

Ma'aikaciyar ta tambayi lambar katin yarinya. Ya zaro katin daga aljihun gaba, a naɗe cikin leda, ya karanta sau biyu don kada ya sake kuskure. Ya ji ƙarar juya takardu, daga baya ta ce shi ke nan, Litinin ƙarfe bakwai na safe, kada a ba ta komai ta ci kafin su zo. Da ta nemi lambar da za a riƙa samunsa, Mai Ɗinki ce ta juya wayarsa ta karanto masa daga takardar, yana maimaitawa kamar ɗan aji ɗaya.

Ya zauna a kan tukunyar gas, ya rufe fuska da tafin hannu mai baƙin mai.

"Baiwar Allah, ban san bakin da zan gode miki da shi ba. Kin bar aikinki saboda mutumin da ya hana ki sakat. Allah ya tsare miki naki 'ya'yan, Allah ya ba ki mai yi miki haka. Firjinki kuwa, muddin ina raye..."

"Amin. Amma ka bar firjina ya huta. In kana son gode mini, ɗauki buroshinka ka bi gidajen nan ka goge."

"Sun fi ɗari uku."

"To ka fara da mai akuya."

Ya raka ta har ta shiga mota, ya tsaya yana ɗaga hannu bayan ta ɓace. Daga nan ya ja ƙofar shago, ya bar firjin mutane a kwance, ya nufi gida da sauri.

Matarsa ta ji labarin a tsaye, ludayi a hannu. Da ya kai kan Litinin sai ta zauna a bakin ƙofar kicin, tana ta cewa alhamdu lillahi, hawaye na bin kumatunta. Suna nan Auta ta dawo daga makaranta. Ya durƙusa a gabanta ya gaya mata.

Ta ce, "Baba, da zafi?"

"Barci za ki yi, ki farka an gama."

"Kana wurin?"

"Ina bakin ƙofa, ni da Mamanki. Ko ruwa ba zan tafi sha ba."

"To," in ji Auta. Ta ajiye jakarta, ta tambayi ko abinci ya nuna.