Ƙwaryar Zuwaira

Da hantsi, ƙasa na da sanyin ruwan jiya, Zuwaira da mijinta Manzo suka isa gidan likita na Filinge. Tun da gwaji ya nuna ciwon hanta a jininta ta ware ƙwaryarta, don kar ta shafa mishi.

Manzo ya tambaya, likita ta ce, "Ba ya bin ƙwarya, malam. A yi maka rigakafi, ita ta riƙa shan maganinta."

A gida Zuwaira ta dama hura, ta ja tata gefe kamar kullum. Manzo ya miƙa hannu ya kurɓa.

"Tau, ashe nan kike ɓoye mai yawan nono!"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Da suka shanye, ya ɗauraye ƙwaryar, ya kife ta cikin sauran.