Cunkoson Mesiye Thibault

Shekara sha ɗaya ina rainon 'ya'yan mutane a Paris, ban taɓa ganin masu wasa da agogo irin gidan Madam Clémence ba. Mun yi yarjejeniya a rubuce: yuro sha biyu kowace awa, in tashi ƙarfe shida, abin da ya haura a biya ni da ƙari. Amma mijinta Thibault, wanda ke karɓar ɗansu Léon daga hannuna, kullum sai shida da minti ashirin yake shigowa.

Ni kuwa 'yata Akissi na jirana a makaranta, inda ake rufe ɗakin jiran yara da ƙarfe bakwai saura kwata, kuma jirgin ƙasa ba na ubana ba ne. Sau biyu ina makara. Shugabar ta ce in na ƙara, an soke gurbin yarinyar.

Na sami Madam da maganar. Ta dafe ƙirji.

"Haba Affoué, makarar minti sha biyar ai ladabi ce a nan, ba a lissafa ta. Kuma cunkoso ke riƙe shi, bawan Allah."

"To Madam, ladabin nan nawa ake biyan awarsa?"

Ta yi dariya, wai ina da barkwanci. Wallahi raina ya ɓaci.

Washegari shida saura biyar na leƙa ta taga, sai ga motar bawan Allah a ƙofar gida, a kashe. Na goya Léon da zanena na sauka. Mutumin da matarsa ta hana shi maiƙo wata uku, ganye da dafaffen kifi kawai, shi ne ya baje soyayyen dankali da nama a cinya yana lasar yatsa.

Na ƙwanƙwasa gilashi. "Sannu da cunkoso, Mesiye."

Sai da ya ƙware. "Affoué, don Allah, mu yi magana ta manya."

"Ni ban ga komai ba. Amma yaron nan ya fara magana, duk abin da ya gani sai ya faɗa."

Léon ya miƙo hannu daga bayana yana lashe baki.

"Na mayar da awarki yuro sha uku," in ji Mesiye.

"Da kuɗin minti ashirin-ashirin ɗin baya, a rubuce. Kuma ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Shida na bugawa, yaro na hannunka. Ka riƙa fara cunkosonka da wuri."

Ya amince da komai. Daga baya na ji ya gaya wa Madam cewa zancen ladabin nan zaluntar ma'aikata ne, har tana ba ƙawayenta labarin adalcin mijinta.

A ranar kuwa shida da rabi ina ƙofar makaranta, ɗakin cike da yara. Akissi ta saba sai kowa ya watse take ganina. Ta dube ni, ta dubi agogon bango, idonta ya ciko.

"Mama, korar ki aka yi?"