Hodar Wanka

Da za a sallame su daga asibiti, ungozoma ta ba maijego wani ɗan kati mai launuka, ta sa mata manhaja a waya. Ta ce kullum da safe a kwantar da jaririn kusa da taga, a ɗora katin a ƙirjinsa, a ɗauki hoto. In wayar ta nuna kore, lafiya. In ta nuna ja, ciwon shawara ne ya yi yawa, yana iya taɓa ƙwaƙwalwa, a taho da gudu. Ta ƙara da cewa kada a shafa masa komai kafin hoton. Wannan ta ƙarshen babu wanda ya riƙe. Haka mutane suke, rabin magana suke ji.

Yayar maijego ce ke yi wa yaron wanka, kuma ba ta ajiye shi sai ta bulbule shi da hoda har wuya. Uban, direban tasi, shi ke ɗaukar hoton kafin ya fita. Kullum kore.

Ran nan yaron ya ƙi kama nono. Uwar ta murza masa tafin ƙafa, sai wani siririn kuka. Ta ɗaga fatar idonsa, ta ga farin ya koma rawaya.

"Baban yaro, zo ka ga idonsa."

"Yanzu fa na ɗauka, kore ne. Ke da waya wa ya fi gani?"

Yaya ta yi dariya. "Haihuwar fari ke nan. Ko atishawa ya yi sai a kira likita."

Uwar ta dubi yatsunta, sun yi fari fat da hoda.

"Yaya, miƙo min tsumma da ruwa."

Ta goge ƙirjin tas, ta ɗora katin. Mijin ya ɗauki hoton. Ja.

Ko takalmi bai tsaya nema ba.

A asibiti aka ɗebi jinin yaron, aka rufe masa ido, aka kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Uwar ta riƙo hannun likita.

"Ƙwaƙwalwarsa fa?"

"Kun zo a makare, amma kun zo. Sai mun gwada ko yana jin sauti, sannan in ba ki amsa."

Yaya na zaune kan benci a waje, tana ta goga tafin hannunta a zani. Uwar ta sunkuya daidai kunnen yaron, ta tafa a hankali, ta zuba masa ido.